Motar Da Ta Durƙusa A Ƙofar Gidanmu

"Siddiƙa! Ke Siddiƙa, fito ki ga ikon Allah! Mota ce ke durƙuso kamar raƙumi a ƙofar gidanmu!"

Gwaggo Laraba ce, ƙanwar Babana, take ƙwala mini kira daga zaure. Na saki keken ɗinkin da nake juyawa da hannu, allura na tsaye a wuyan wata riga. Gabana ya faɗi, don mutum ɗaya ne a duk Daura zai zo da mota irin wannan.

Yazid...

Na ja jiki na hau keken da nake yawo a kai, na murza shi da hannu biyu har bakin zaure.

Layinmu ya cika. Mata na leƙe ta katanga, masu shago sun baro shagunansu. A tsakiyar mutane ga wata 'yar ƙaramar akori-kura koriya shar, cikinta kamar zai share ƙasa. Ta yi huci, gabanta ya ɗaga sama. Ta sake huci, bayanta ya bi. Sai kuma ta sauka gaba ɗaya a hankali, har tayoyinta suka shige cikin jikinta, ta kwanta.

Wani tsoho ya ce, "A'uzubillahi!" ya ja da baya.

Ni kuwa hawaye ne suka cika mini ido. Ashe ya gama ta. Ashe kuma ƙofarmu ya fara kawo ta.

Sai ƙofar gefe ta buɗe. Ƙafa mai lalle ta fara fitowa, sannan mayafi ruwan hoda.

Zubaida ce, 'yar ƙanwar mahaifiyarsa.

Ta gyara mayafi, ta tako har inda nake, ta sunkuyo tana murmushi.

"Sannu Siddiƙa. Kin ga aikin Yaya Yazid? Ni ce mace ta farko da ta shige ta."



Ta rage murya. "Ai ke ya kamata a yi wa godiya. Da bai ga yadda ake fama da ke wajen shiga mota ba, da dabarar ba ta zo masa ba. Yanzu ga shi Alhaji Abdulbaƙi mai raguna ya ce nasa ce. Bayanta ya sauka ƙasa, rago ya shige da kansa, ba ɗauka ba ciccibawa..."

"Raguna?"

"To da me kika zata?"

Na hango Yazid ya fito yana goge hannu da tsumma, yana nemana da ido cikin mutane, fuskarsa cike da murna. Na juya kekena da ƙarfi har ya bugi dokin ƙofa.

"Malama Siddiƙa! Tsaya mana ki gani!"

Ban tsaya ba.

*

Shan inna ya kama ni ina ƙarama, tun ban gama iya tafiya ba. Ƙafafuna suka tsaya inda suke, sauran jikina ya ci gaba da girma. Innata ta rasu ina 'yar firamare, Gwaggo Laraba ta dawo gidanmu ta riƙe ni. Babana, Malam Dabo, hatsi yake sayarwa a kasuwa, kuma bai taɓa bari na ji ni nauyi ce a kansa ba. Shi ya saya mini keken ɗinki na hannu, ya ce, "Hannunki biyu sun ishe ki."

Sun ishe ni a cikin gari. Amma ba su ishe ni shiga mota ba.

Wata shekara ƙawata ta yi aure a Mashi, na nace sai na je. A tasha yaran mota biyu suka ciccibe ni, ɗaya ta kafaɗa ɗaya ta ƙafa. Mayafina ya zame, zanina ya kusa kwancewa, wani ya yi dariya. Baba na tsaye yana kallo. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, ko'ina wa'azi ake a kan cuɗanyar maza da mata. Da na dawo ya kira ni.

"Daga yau na hana. Ba zan ƙara ganin ƙattin da ba muharramanki ba suna ɗaukarki kamar buhun gero ba."

Tun daga nan ban ƙara fita daga Daura ba.

A tashar nan Yazid ya fara ganina, yana kwance a ƙarƙashin wata bas yana gyara. Ni ban gan shi ba. Sai daga baya, ranar da sarƙar kekena ta tsinke a kusa da garejinsu, ya fito ya ɗaura ta, ya ƙi karɓar komai. Bayan sati ya yi sallama a gidanmu, wai ya zo ya ga ko sarƙar na nan lafiya.

Sarƙar na nan lafiya. Shi kuma ya ci gaba da zuwa.

Amma wane irin zance ne wannan? Ƙawayena samarinsu na ce musu hasken idona, abar ƙaunata, tauraruwata. Ni nawa sai ya zauna a zaure, Gwaggo na daga ciki tana tsintar shinkafa tana saurare, ya ce:

"Malama Siddiƙa, kin san yadda tifa ke ɗaga bayanta ta zubar da yashi?"

"Ban sani ba."

"Mai ne. Famfo ke tura mai ta tiyo, man ya tura ƙarfe, ƙarfen ya ɗaga. Haidirolik ake ce masa. To idan abu zai iya ɗagawa, ai zai iya saukewa, ko?"

"Haka ne," in ce, ina jiran maganar da ke bayan wannan.

Babu wata magana a bayanta.

Wata rana ya zo da igiyar awo. Zuciyata ta buga, na zata wani abu zai ce. Sai ya durƙusa ya auna daga ƙasa zuwa mazaunin kekena, ya auna faɗinsa, ya yi godiya ya tafi. Gwaggo ta leƙo ta ce, "Wannan yaron ke yake nema ko keken?"

Na yi dariya, amma tambayar ta zauna mini a rai.

Daga nan ya sayo gawar wata ƙaramar akori-kura a Mai'adua, aka jawo ta da igiya. Ya cire sifirin ɗinta, ya yanka ƙashin bayanta ya sake walda shi don ta samu wurin sauka. Ya yi ta zarya Kano yana tsinto famfo da ƙananan ƙarafan ɗagawa a wurin masu kayan gwangwan, ya jera batura a bayan kujera. Duk wannan a bakinsa na ji, a ranakun da ya samu ya zo, hannu duk ƙuna, ido ja saboda walda. Zuwan ma ya ragu. Idan na ce, "Motar ta wace ce?" sai ya sosa kai ya ce, "Bari dai ta tashi tukuna."

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce aljanu ne suka shafe shi, don mai hankali ba ya sa zarto ya yanka mota. Mahaifiyarsa, Hajiya Ummukulsum, ta ce ita ba za ta haɗa ɗanta da wadda ba za ta iya goya jikanta ba, ga Zubaida a gida. Baba kuma ya ce mini:

"Ban ƙi yaron ba. Amma har yau bai ce mini komai ba, ke ma ban ji kin ce ya ce miki komai ba. Ina tsoron mai tausayi, Siddiƙa. Tausayi ƙarewa yake yi."

Duk da haka na riƙe wani abu a raina, cewa motar nan tawa ce. Ban faɗa wa kowa ba. Sai ga Zubaida da ragunanta.

*

Washegari bayan La'asar Yazid ya yi sallama. Da na ce ba zan fita ba, Gwaggo ta ce, "Fita ki ji ta bakinsa. Zubaida ba Alƙur'ani ba ce."

Yana zaune a kan tabarma, ya sa sabuwar shadda, abin da ban taɓa gani ba. Wannan ma ya ƙara rikita ni.

"Jiya kin shige ban nuna miki..."

"Tambaya zan yi maka. Eh ko a'a kawai nake so."

"To."

"Alhaji Abdulbaƙi ya ce yana son motar?"

"Ya ce."

"Raguna za su iya shiga da kansu?"

Fuskarsa ta washe, kamar na yabe shi. "Sosai ma! Idan bayan ya taɓa ƙasa, ko rago mai karyayyar ƙafa..."

Ya tsaya. Ina jin ya ga fuskata.

"Ranar da aka ciccibe ni a tasha, a nan dabarar ta zo maka?"

"A nan ne. Amma wa ya..."

"Kuma shi ya sa kake zuwa? Don ka auna?"

"Dole sai da awo, Malama Siddiƙa. In ba a auna ba..."

"Ya isa!"

Muryata ta fi ƙarfin da na yi niyya. Hawaye suka zubo ban shirya ba.

"Ka gama awonka ai. Allah ya ba da kasuwa. Kar ka ƙara zuwa gidan nan."

"Ni fa ban gane ba..."

"Ni ma ban gane ba, Yazid! Tun ranar da ka fara zuwa ban taɓa gane ka ba!"

Ya miƙe a hankali. Ya sa takalminsa ya fita.

Na zata zan ji sauƙi. Sai na shiga wani hali da ban san sunansa ba. Da safe in ce na yi daidai, da rana in ce na yi wauta. In tuna sabuwar shaddar, in ce mai sayar da motar raguna ba ya yi wa gurguwa ado. In tuna Zubaida a kujerar gaba, in ce to me ya sa ita? Na ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai, na farke, na sake ɗinka shi a baibai.

Gwaggo ta ce, "Kina son sa?"

"Ban sani ba."

"To shi yana son ki?"

"Gwaggo, in na sani zan zauna ina farke riga?"

*

Ana nan wata safiya aka yi sallama. Da na ɗaga kai, Hajiya Ummukulsum ce tsaye a tsakar gidanmu. Ban taɓa ganinta kusa haka ba. Na sauko daga kujera na gaishe ta, Gwaggo ta shimfiɗa tabarma.

Ba ta taɓa ruwan da aka kawo ba.

"Yarinya, ba haƙuri na zo ba ki ba. Ban so abin nan ba, kuma ba zan ɓoye miki ba. Da na ji kin kore shi har hamdala na yi."

Na sunkuyar da kai.

"To amma ɗana ya daina cin abinci. Sai ya shiga motar nan ya zauna, ya ɗaga ta, ya sauke ta, ya ɗaga ta, ya sauke ta, kamar wanda aka yi wa asiri. Da can Alhaji Abdulbaƙi ya bi shi ya bi shi, Yazid ya ce ba ta sayarwa ba ce. Yanzu shi da kansa ya aika a zo a ɗauka. Wai in an ɗauka Damagaram zai koma da aiki." "Shi kaɗai gare ni namiji. Me kika yi masa?"

"Hajiya, wallahi ni ma ban san me ya yi mini ba, balle abin da na yi masa."

Ta dube ni, na dube ta. Ina jin a lokacin ta gane ba ƙarya nake ba.

"Da can ya ce ba ta sayarwa ba ce?" in ji Gwaggo. "Ai Zubaida ta ce don raguna aka yi ta."

Hajiya ta ɗaure fuska. "Zubaida ta faɗi haka? Ita da ke zaune a ɗakina ranar da ya sallami Alhajin?"



Ta miƙe tana gyara mayafi. "Ni dai abin ya fi ƙarfin kaina. Jiya ma direban Alhaji ya je ɗauka ya kasa. Wai motar ba ta da ƙafa."

"Ba ta da me?"

"Haka ya ce. Ba ta da ƙafa. Yau Yazid zai gyara masa."

Tana fita na jawo hijabina.

"Ina za ki?" in ji Gwaggo.

"Gareji."

"Babanki fa?"

"Ki zo mu je tare, Gwaggo. In ban gani da idona ba haukacewa zan yi."

*

Ban taɓa murza kekena da sauri irin na ranar ba. Gwaggo na bina a baya tana haki tana salati.

Motar na kwance a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, ƙofar direba a buɗe. Wani dogon mutum, Kalilu direban Alhaji, na tsaye yana faɗa.

"Shekara nawa ina tuƙi ban taɓa ganin mota ba birki ba totur ba! Ka mayar mata da abin takawa kamar kowace mota!"

Yazid na durƙushe da zarto a hannu, ya ɗora shi a kan wani ƙarfe da ke kusa da sitiyari.

"Kar ka yanke!"

Ya juyo. Ya rame, gemu ya fito masa ba tsari. Zarton ya faɗi daga hannunsa.

Na matsa da kekena har jikin ƙofar. Na leƙa ƙasan sitiyari. Babu komai, sai shimfiɗar roba da wata 'yar matashiya ta ɗora ƙafa. A gefen sitiyarin ga ƙarfen nan, an naɗe kansa da jar fata mai laushi.

"Mene ne wannan?"

Ya dafa ƙarfen. "In aka jawo shi, mota ta tafi. In aka tura shi gaba, birki ne. Giya kuma da kanta take canjawa, na sa mata irin wannan."

Sai a lokacin na lura da kujerar. Tsayinta daidai da mazaunin kekena, ko yatsa ɗaya bai raba su ba.

Ban yi shawara da kowa ba. Na dafa kujerar da hannu ɗaya, na kama ƙofar da ɗayan, na zame na shiga. Na jawo ƙafafuna na ɗora a matashiyar.

Babu wanda ya taɓa ni.

Na riƙe sitiyarin. Ina jin Gwaggo na cewa, "La ilaha illallahu..."

Na zata murna zan yi. Sai wani irin fushi ya taso mini.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na zata kin gani..."

"Na ga me? Igiyar awo? Tifa? Kullum famfo, kullum tiyo! Sannan ka ɗauko Zubaida a gaba ka kawo ta ƙofar gidanmu!"

"Cewa ta yi Hajiya ta aiko ta da ɗinki wurinki, in rage mata hanya. Ina zan ce a'a?"

"Da na tambaye ka raguna fa?"

"Cewa kika yi eh ko a'a! Kuma za su iya shiga ɗin, ƙarya zan yi miki?"

Kalilu ya fashe da dariya. Gwaggo ta harare shi ya yi shiru.

Na share ido da bakin hijabi. "To yanzu ba eh ko a'a ba ne. Ka faɗa mini gaskiya. Tausayina kake ji?"



"Ranar tasha tausayi ne," ya ce. "Ba zan musa ba. Raina ya ɓaci da abin da na gani. Amma da na fara zuwa gidanku... ban san lokacin da ya canja ba. Sai na ga in na yi walda ke nake tunani, in na kwanta ke nake tunani. In na zo zan faɗa sai bakina ya mutu, in kama maganar tifa. Na ce to bari in gama motar, ita ta faɗa."

"Mota ba ta magana, Yazid."

"Na gane yanzu."

"To faɗa."

Ya dubi Gwaggo. Ya dubi Kalilu. Ya dubi sauran makanikan da suka ajiye aiki suka zagaye mu. Gumi ya karyo masa.

"Ni dai... wato..."

Haushi ya sa na bugi gaban motar da tafin hannu. Ashe a kan makunnan ɗagawa da saukewa na buga.

Motar ta yi huci ta miƙe, gaba da baya, har ƙarshen tsayinta. Na ƙwala ihu na ƙanƙame sitiyari. Sai wani abu ya ce fau! Tiyo ya fashe, jan mai ya yi tsiri ya wanke Gwaggo daga kafaɗa har zani. Ɓangare ɗaya ya sauka, ɓangaren da nake ya tsaya a sama, motar ta karkace.

"Wayyo Allah! Yazid!"

"Kar ki motsa! Kar ki taɓa komai! Siddiƙa, riƙe sitiyari, don Allah, ina son ki, kar ki faɗo! Wallahi ina son ki!"



Ina can sama a karkace, zuciyata na dukan uku-uku, ban san ko kuka nake ko dariya ba.

"Me ka ce?"

"Na ce ina son ki! Tun tuni! Ke kaɗai, masoyiyata, ke kaɗai!"

Gwaggo na matse mai daga mayafinta ta ce, "To mun ji, Allah ya yi albarka. Sai ka sauko mini da 'ya."

Saukowar ba ta yi sauƙi ba. Kujerar ta yi wa kekena nisa, kuma babu namijin da zai ɗauke ni. Yazid ya sa jak ya tokare motar, ya shiga ƙarƙashi yana zare man a hankali. Ana cikin haka wani ya kai wa Baba labari a kasuwa.

Na hango shi yana tahowa, babbar rigarsa a kafaɗa. Mutane suka dare. Ya tsaya ya dubi Gwaggo jiƙe da mai, ya dubi ƙafafun Yazid da suka leƙo daga ƙarƙashin mota, ya ɗaga kai ya dube ni a bayan sitiyari.

"Wa ya ɗora ki a nan?"

"Ni na hau, Baba."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Yana tsaye har motar ta sauka ta kwanta. Na zame na koma kan kekena a gabansa. Yazid ya fito baƙi ƙirin da mai, ya durƙusa yana gaisuwa. Baba ya amsa a taƙaice, ya ce mana, "Mu je gida."

*

Baba ya yi kwanaki bai ce mini komai ba. Gaisuwa kawai. Na sake shiga ruɗani, na ce ko dai na ɓata komai da zuwa garejin.

Ranar Juma'a bayan ya dawo daga masallaci ya kira ni.

"Yaron nan ya same ni a kasuwa. Ya yi magana, duk da sai da na yi ta jawo ta daga bakinsa. Na tambaye shi, in motar ta lalace fa? Ya ce zai gyara. Na ce in ta ƙi gyaruwa? Ya ce to shi zai ɗauke ki, tunda a lokacin ke halalinsa ce." Baba ya yi gyaran murya. "Kina son sa?"

Na rufe fuska da mayafi.

"Ba na jin mayafi, Siddiƙa."

"Ina son sa, Baba."

"To ya turo manyansa."

Hajiya Ummukulsum ba ta sauko a rana ɗaya ba. Amma ta zaɓi ɗanta a Daura a kan ɗanta a Damagaram, kuma ranar da aka kawo lefe ita da kanta ta zaɓo zannuwan. Zubaida ba ta zo biki ba, aka ce ta tafi Dutsi wurin kakarta. Alhaji Abdulbaƙi kuwa bai yi fushi ba, ya ce a ƙera masa tasa, mai ƙafa.

Bayan biki Yazid ya canja duk tiyon motar, ya sa wa makunnan murfi. Ya riƙa kai ni wani fili a bayan gari yana koya mini. Na bugi kututture, na tsorata garken awaki, na manta ban ɗaga ta ba na gurje cikinta a kan tudu. Duk ɓarnar da na yi sai ya ce, "Ba komai, sahibata, walda ce." Bakin da ya buɗe ya ƙi rufuwa, har sai na ce ya rage a gaban mutane.

Ranar da na fara shiga gari da kaina, gidanmu na nufa. Baba na shirin tafiya kasuwa.

"Baba, zo in kai ka."

Ya dubi motar, ya dube ni, ya dubi maƙwabta da suka fara taruwa.

"Ni da ƙafafuna?"

"Don Allah, Baba."

Yazid ya fita ya koma baya, ya bar masa kujera. Baba ya tattare rigarsa ya shiga yana bismillah. Da motar ta ɗaga sai ya damƙe ƙofa da hannu biyu.

"A hankali, Siddiƙa! Ga mai mashin nan! A hankali na ce!"

Na bi da shi ta babban titi, iska na kaɗa hijabina. Masu shayi suka miƙe tsaye, wata mata ta saki tulunta. Baba ya daina magana. Da na saci kallonsa na ga ya saki ƙofar, yana goge ido da hannun riga.

Muka iso bakin kasuwa, na fara tura ƙarfen birki.

"Me kike yi?" ya ce.

"Mun iso, Baba."

Ya dubi rumfarsa, ya dubi titin da ya miƙe ya fita gari.

"Hatsin ba zai gudu ba," ya ce. "Wuce, mu je Mashi."